Ɗaurarren Ruwan Tungar Ƙadanya

Tungar Ƙadanya, ƙasar Kaoje
Watan Afrilu

Zuwa ga ɗiyata Shafa'atu, a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan, in ban da zafin bana da ya hana kowa sakat. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Baffanki Cindo ya warke daga tarin da ya dame shi, har ya koma yi wa mutane faɗa. Matar ɗansa Bilyamin ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Firdausi.

Kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. Kin san wayarmu, ka ɗaga ta a bakin gulbi sai ta tsallaka Benin, wata mata ta hau yi maka Faransanci har katinka ya ƙare ba ka ce uffan ba. Kuma wannan magana ba ta hawa tudu ana ihu ba ce. Shi ya sa na zauna na zana miki da hannuna, zan ba Muktar mai motar banda in ya yi lodi ranar kasuwar Lolo.

Shafa, za a toshe mana mashiga. Kin tuna baƙin da na ce miki sun zo lokacin sanyi, masu ƙirgar kifi da wani kamfani ya turo? To sakamakonsu ya fito. Wai sun auna ruwanmu, ba su samu ɗiyan kifin kirki ba, don haka tafki ba makwancin kifi ba ne. Jingar da za a gina don kare gonakin shinkafa daga ambaliya za ta bi ta kan mashiga ke nan, ta inda Kwara ke shigowa tana cika tafkin. Da zarar damina ta ɗauke za a kawo motocin aiki. In mashiga ta toshe, tafki ya zama fadamar shinkafa, mu kuma sai mu naɗe tarunmu mu san inda dare ya yi mana.

Ban ga laifin manoma ba, bara ruwa ya cinye musu komai, ni ma na tausaya. Amma a ce tafkinmu ba ɗiyan kifi? Ni da na tsufa ina banda kifinsa? To tarwaɗar da muke kamawa ranar su, wato bikin kamun kifinmu, har mutanen tsallake suna zuwa da jiragensu, daga sama take faɗowa?

Baffanki tun da ya ji ya daina cin abin kirki. Shi ne Sarkin Ruwa, kowa shi yake kallo, shi kuma ba shi da abin cewa da ya wuce "ƙarya ne". Kuma an ce masa a ofis ba a karɓar "ƙarya ne", sai hujja.

Ke ce kika tafi karatun kifi, kifin ma na teku, muna ta yi miki dariya wai kin bar gulbi a ƙofar gida kin tafi ƙirga abin da ido ba ya gani. To yau ga ranarki. Ki rubuto abin da za mu kai musu su san sun yi ƙarya. Na sa miki bandar tarwaɗa da ɗan yaji, ki ci, na ji an ce kin rame.

Gwaggonki,
Barira

Legas
Watan Mayu

Zuwa ga Gwaggo Barira.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. A gaishe min da Baffa, a yi wa Yaya Bilyamin barka, Allah ya raya Firdausi. Banda ta iso, ban ba kowa ba, kuma ban rame ba, mai kai miki labari ne ke da ƙari.

Gwaggo, na karanta wasiƙarki hankalina a tashe. Ga shi kuma jirgin bincikenmu zai fita teku, Muktar yana tsaye yana jirana, don haka ki yi haƙuri da gaggawar rubutun.

Abu na farko, mutanen nan ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka rubuta, shi suka gani.

Bari in gaya miki aikin da nake yi, za ki gane inda na dosa. Ɗan kifi ranar da aka ƙyanƙyashe shi bai kai ƙwayar shinkafa ba, jikinsa garai-garai kamar ruwan da yake ciki. Ba shi da ƙarfin iyo, inda ruwa ya ja shi nan zai je. Cikin teku akwai ruwa mai gudu kamar gulbi, ba gaɓa ba komai, wani ya yi gabas wani ya yi yamma. Inda suka haɗu ko suka yi juyi, nan ɗiyan kifi ke taruwa. Bara mun ja raga a wuri ɗaya mun samu dubbai, muka matsa gaba kaɗan, tazarar ba ta kai daga tungarmu zuwa Kaoje ba, muka ja ba ko ɗaya. Da a can kaɗai muka tsaya, da mun rubuta cewa tekun ba kifi, kuma da ba mu yi ƙarya ba.

Haka raga ma. Mai manyan ido sai su zurare ta ciki. In an ja a sama suna ƙasa, an rasa su. In an zo bayan sun girma sun iya guje wa raga, nan ma an rasa.

Saboda haka ki amsa min waɗannan, kada ki bar ko ɗaya. Lokacin da suka zo, farin ruwan damina ne a gulbi ko baƙin ruwa? A ina da ina suka ja ragarsu? Wa ya tuƙa su, a wane jirgi? Sannan ki nemo min sunan shugabar tawagar da lambarta, kin taɓa ce min mace ce.

Za mu daɗe a ruwa, kuma can ba waya. Ki ba Muktar amsa ya ajiye min wajen mai gadin masaukinmu. Ki ce wa Baffa ya ci abinci.

Ɗiyarki,
Shafa'atu

Tungar Ƙadanya
Watan Yuni

Shafa'atu,

Salama dai wajibi ce, to assalamu alaikum. Muna lafiya. An fara ruwa, an yi shuka.

Sannu da ƙoƙari, kin ji? Sannu! Ni da ɗokina na ɗauki wasiƙarki ko buɗewa ban yi ba, na kai wa Baffanki a ƙarƙashin ƙadanya inda yake zaune da dattawa, na ce ga amsar ɗiyarmu, ku saurara. Na gyara murya ina karantawa. Sai ga shi na ji bakina yana cewa "mutanen nan ba ƙarya suka yi ba". Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Baffanki ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Barira, ya isa. In su ba su yi ƙarya ba, ni ke nan maƙaryacin." Ya yi tafiyarsa. Sauran labarin tekunki ba wanda ya ji, ni ma don haushi sai daga baya na karanta, kuma ban ga abin da ya haɗa mu da teku ba.

Mun ce ki tsaya mana, kin tsaya musu. Tun ranar bai sake kiran sunanki ba. In maganarki ta taso sai ya ce "ta Ikko". Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba, ni da na goya ki bayan rasuwar uwarki.

Tambayoyinki kuwa zan amsa, don kada ki ce mun yi wa baƙinki rowa. Sun zo a Janairu, da baƙin ruwa, wannan mai zuwa daga nesa lokacin sanyi, gulbi a cike tim kuma a tace. Muka yi musu abin da ake yi wa baƙo. Samari suka yi gayya suka sare ciyawar burugun bakin mashaya kaf, don kada ƙafarsu ta taɓa laka. Aka aro musu babban jirgin inji daga Lolo. Bilyamin ya tuƙa su, ya kai su tsakiyar gulbi inda ruwa ke da zurfi da tsabta, inda ake samun giwan ruwa, tunda mu a zatonmu manyan kifi za su burge su. Sannan aka zaga da su wutsiyar tafki, can ƙasa inda ake barin masu ƙugiya. Suka ci tuwon shinkafa da miyar kifi har suna neman ƙari.

Shugabar tasu, Malama Zakiyya, ta nuna mashiga ta ce tana so a shiga. Bilyamin ya nuna mata dogon goran Baffanki a kafe cikin ruwa da ƙullin kaba a kansa, ya ce ruwan a ɗaure yake. Kin dai san doka, daga tasowar farin ruwa har ranar su, raga ba ta shiga mashiga da burugun kan tafki, wadda ta shiga kuma wuta ce makomarta. Shi da uban ya taɓa ƙona wa taru a gaban jama'a, shi zai kai baƙi can? Matar tana da kunya, ta ce ba za ta karya al'adar mutane ba, suka juya. Lambarta tana bayan takardar nan, Bilyamin ya ba ni.

To kin ji. Ki gaya min inda muka yi laifi.

Barira

Tungar Ƙadanya
Watan Yuli

Shafa'atu ɗiyata,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Muktar ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Ya ce mai gadi ya ce jirginku bai shigo ba. Ni dai ban sani ba ko gaskiya ne, ko fushi kika yi da ni kika ce a faɗa haka. In fushi ne, ki yi abinki amma ki aiko ko da layi ɗaya ne in san kina raye. Ruwan da ba a hango gaɓarsa ba abin wasa ba ne, kullum sai na roƙa miki Allah.

Farin ruwa ya fara tasowa, gulbi ya yi kalar kunu. Baffanki ya kafa gora ya ɗaure mashiga kamar kullum, amma da ya gama ƙullin ya daɗe a tsaye yana riƙe da goran. Ya ce min, "Barira, wannan ne ɗaurina na ƙarshe." An riga an fara zubo duwatsu a hanyar Kaoje. Wasu gidaje biyu sun fara maganar komawa tsallake wajen danginsu.

Firdausi ta fara dariya. Ki rubuto.

Gwaggonki

Legas
Ƙarshen Yuli

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Ina raye, ina lafiya, sai baƙi da na ƙara. Injin jirginmu ne ya ba da matsala muka daɗe fiye da yadda aka tsara. Na sauka na tarar da wasiƙunki biyu, na karanta ta farko na yi kuka, na karanta ta biyu na ƙara. Ni in yi fushi da ke? Ki gaya wa Baffa ban taɓa ce masa maƙaryaci ba, kuma ba zan taɓa ba. Shi ma gaskiya ya faɗa, su ma gaskiya suka rubuta. Ragar ce ba ta je inda ɗiyan suke ba.

Gwaggo, amsar da kika rubuto cikin faɗa ita ce hujjar da kuke nema, ba ki sani ba. Kifinmu da farin ruwa yake zuba ƙwai. Kafin baƙin ruwa ya iso, ɗiyan sun yi wayo, sun san raga. Sannan tsakiyar gulbi ruwa gudu yake, ba ya ajiye komai. A bakin mashiga ne yake karyewa ya yi juyi, ya kwaso ɗiyan ya zuba su cikin burugu, kamar dai abin da na ce miki muna gani a teku. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa nan suka ɗaure, ba tsakiyar gulbi ba. Kun kare ɗiyan kifin nan sosai har kun kare su daga masu ƙirgarsu. Ba laifi kuka yi ba, karamci kuka yi da riƙon doka.

Na kira Malama Zakiyya. Mutuniyar kirki ce. Ta ce ita ma abin yana damunta, har ta rubuta a rahotonta cewa akwai wurin da ba ta shiga ba kuma ya kamata a sake awo da damina, amma masu yanke hukunci adadi kawai suka duba. Ta yarda ta dawo cikin Agusta, ta kuma nemi a turo wakili daga masu aikin jinga ya gani da idonsa. Za a ja raga iri ɗaya, tsawon ja iri ɗaya, a wuri uku, tsakiyar gulbi da wutsiyar tafki da mashiga. Ban da inji, a tuƙa da hannu a hankali.

Ragarsu idonta ya yi faɗi da ɗiyan farko, don haka na ba Muktar tawa. Za ki gan ta kamar doguwar jakar tata, da zoben ƙarfe a baki, da ɗan fanka a tsakiya mai ƙirga yawan ruwan da ya ratsa. Da hannuna na ɗinka ta, da ita na yi duk aikin karatuna na teku. Ki kula min da ita, in an gama ki dawo min da abata.

Saura babban aikin, kuma naki ne. Sai Baffa ya yarda raga ta shiga ɗaurarren ruwa. Na san abin da nake roƙo. Amma in aka jira ranar su, ɗiyan sun girma, jinga kuma ta riga ta tsaya. Ki ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ba zan samu zuwa ba, samfuran da muka ɗebo suna jirana, in na bar su sun lalace.

Ɗiyarki mai ƙaunarki,
Shafa'atu

Tungar Ƙadanya
Ƙarshen Agusta

Shafa'atu! Ɗiyata, ɗiyar albarka!

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, gwiwata ma ta manta da ciwo don na yi rawa da ita. Ki nemi wuri ki zauna, labarin da tsawo.

Baffanki dai kin san shi. Na kai masa wasiƙarki ya ce ba ya ji. Na ce to ni zan karanta wa akuyar nan da ke ɗaure, in kunnenka ya jiyo ba ruwana. Na karanta tsaf. Da na zo inda kika ce kakanninmu sun san inda suka ɗaure, sai na ga ya daina gyaran birginsa, tarun da yake kamu da shi. Da na zo kan roƙonki ya ce, "Ni da na ƙona tarun ɗana, in kai ragar baƙi? Gobe da wane baki zan hana wani?" Na ce, "Yaya, in aka toshe mashiga, goran naka a tsakiyar shinkafa za ka riƙa kafawa?" Ya ce in fita masa daga gida. Na fita, amma na bar masa ragar a kan tabarma.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tsayar da mutane. Ya ce raga ɗaya za ta shiga mashiga, shi zai tuƙa da hannunsa, abin da aka kamo a ƙirga a mayar ruwa sai ɗan abin da malamai za su tafi da shi a kwalba, kuma doka tana nan inda take. Ba wanda ya tambaye shi me yake nufi da na ƙarshen. Ni ma ban tambaya ba, murna ta rufe min ido.

Ranar da aka sa, Malama Zakiyya ta zo da hantsi da mutanenta, da wakilin masu jinga, da Alhaji Mudassiru shugaban manoman shinkafa, wanda ya ce shi ma sai ya gani. Wannan karon ba a sare ko tsinke ba, suka taka laka har gwiwa. Gaɓa ta cika, har 'yan tsallake sun zo.

Aka fara da tsakiyar gulbi. Aka juye a farar roba, Malama ta duba ta duba, ta nuna wasu 'yan ɗigo da ba su cika yatsun hannu ba. Aka je wutsiyar tafki, nan ma kaɗan ne suka ɗara. Alhaji Mudassiru ya kalli wakili, wakili ya kalli agogo. Wallahi Shafa, a zuciyata na ce yarinyar nan ta kashe mu.

Sai Baffanki ya shiga ƙaramin jirginsa, Malama a tsakiya riƙe da igiya. Ya yi bisimilla ya wuce goransa. Ya bi gefen burugu inda ruwa ke juyi, a hankali, har Malama ta ce ya isa. Suka fito aka juye a robar.

Da farko ban ga komai ba sai ruwan kunu. Da ya lafa sai na ga ruwan yana motsi da kansa. Idanu ne, Shafa, 'yan baƙaƙen idanu bibbiyu, ba iyaka, roba ta cika da su! Malama Zakiyya ta ce "La ilaha illallahu!" ta durƙusa a laka da zanenta mai kyau. Ta ba ni madubin nan mai ƙara girma, na ga wutsiya, na ga ciki, har da wasu da ta ce ɗiyan tarwaɗa ne. Na rangaɗa guɗa ban san na yi ba, mata suka amsa. Wakili ya ce a sake ko dace ne. Aka sake sau biyu, kowanne kamar ya fi na baya. Suka zauna ƙirga har azahar, suna duba ɗan fankanki suna lissafi. Malama ta ce in aka kwatanta ruwa da ruwa daidai, na mashiga ya ninka na tsakiyar gulbi fiye da sau ɗari. Alhaji Mudassiru ya daɗe a kan robar, sannan ya ce, "Sarki, ni ban san wannan za mu binne ba." Baffanki da kansa ya ɗauki robar ya mayar da su cikin burugu.

Yanzu ki daure, ga abin da ban so in rubuta ba. Da aka gama, Baffanki ya sa aka hura wuta a gaɓa. Ya cire ɗan fankan ya miƙa wa Malama ya ce wannan ba raga ba ne. Sai na gane. Na ce, "Yaya, ta Shafa ce, da hannunta ta ɗinka, ta ce a mayar mata!" Malama ma ta roƙa, Bilyamin da kansa ya roƙa. Ya ce, "Ta shiga ɗaurarren ruwa ko ba ta shiga ba?" Ya ɗora ta a wuta. Sannan ya aika aka ɗauko birginsa, wanda ya gada wajen kakanki, ya ce wanda ya tuƙa ma ba zai tsira ba, ya ɗora a kai. Hawaye na zuba a gemunsa yana tsaye ƙyam har suka cinye. Na yi fushi da shi, na kuma ji ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.

Ki yafe min, amanar da kika ba ni ban riƙe ba. Malama ta ba ni fankan, yana cikin kwalin banda.

Gwaggonki,
Barira

Tungar Ƙadanya
Watan Oktoba

Ɗiyata Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Firdausi tana zama. Saƙon bakinki ya iso ta wajen Muktar, wai da Baffa bai ƙona ragar ba da kin yi zaton ba shi da lafiya. Na gaya masa, ya yi dariya har tari ya taso.

Albishirinki! An canza wa jinga hanya. Za ta zaga ta bayan tafki, ta kare gonaki, ta bar mana mashiga a buɗe. Malama Zakiyya ta kai sabon rahoto, Alhaji Mudassiru kuma da ƙafarsa ya bi ta ya ce manoma sun yarda, ko da gonarsa ɗaya za ta faɗo wajen jinga. An kwashe duwatsun an mayar can inda jingar za ta bi yanzu. Masu shirin komawa tsallake sun kwance kayansu, yanzu su ne masu cewa dama sun san haka za a yi.

Baffanki yana zaune a gabana, ya ce in rubuta maganarsa yadda ya faɗa, kada in sa gishirina. Ga ta:

"Ki ce wa Shafa'atu ina gaishe ta. Ragarta ta mutu a bakin aiki, ba abin kunya ba ne. Zoben ƙarfen bai ci wuta ba, na tsamo shi daga toka na ɗaure a kan gora tare da kaba, kuma kowace shekara nan zai zauna. In baƙin ruwa ya janye ta zo gida. Tun kakanni Sarkin Ruwa ke kwance ɗauri ranar su, bana ita za ta kwance, ni in riƙe mata jirgi."

Kin ji, da sunanki ya kira ki, ban ƙara ko harafi ba. Ki fara neman hutu tun yanzu, kuma ki taho da zanen da ba kya jin tausayinsa, don laka za ki shiga.

Gwaggonki,
Barira